Zaɓe da Zubarwa a Faifan Fitattun Waƙoƙin Patsy Cline

A shekarar 1967 kamfanin Decca na ƙasar Amurka ya fitar da wani faifai mai ɗauke da waƙoƙi 12 wanda ya sanya wa suna Patsy Cline's Greatest Hits, wato fitattun waƙoƙin Patsy Cline. A wannan lokaci mawaƙiyar ta cika shekara huɗu da rasuwa. Ta rasu ranar 5 ga watan Maris, 1963, tana da shekara 30, yayin da ƙaramin jirgin saman da ya ɗauko ta ya faɗi kusa da garin Camden a jihar Tennessee. Ke nan ba ta da hannu wajen zaɓen waƙoƙin, balle wajen jera su. Duk da haka faifan ya zama fuskar da duniya ta san ta da ita, domin ya zuwa 2005 an tabbatar da cewa an sayar da kwafi miliyan 10 nasa a Amurka. Tambayar da ta wajaba a kan mai nazari ita ce: wace Patsy Cline ce masu zaɓen suka miƙa wa jama'a, kuma wacce suka bari a baya?

Waƙar kantiri, wadda masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa suka daɗe da sabawa da ita ta bakin irin su Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton, asalinta waƙar talakawan karkarar kudancin Amurka ce, da goge da jita. A cikinta Patsy ta tashi. An haife ta a Winchester ta jihar Virginia a 1932, sunanta na yanka Virginia Patterson Hensley. A 1954 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Four Star, yarjejeniyar da ta ɗaure ta tamau, domin kusan ba ta rera komai sai abin da kamfanin ya mallaka. A waƙoƙinta na waɗannan shekaru akwai zafi da tsiwa, kuma takan karya murya ta cilla ta sama, wani abu mai kama da guɗa. Daga cikinsu duka Walkin' After Midnight ta 1957 kaɗai ta yi kasuwa sosai.

To, ko ita wannan waƙa da aka buɗe faifan da ita, ba ta 1957 ba ce. Wadda aka sake ɗauka ce a 1961, bayan Patsy ta koma Decca. Abin nufi shi ne, babu ko waƙa guda a faifan da ke ɗauke da muryarta ta shekarun 1950. An tsallake fiye da rabin rayuwarta ta waƙa. Abin da ya rage shi ne aikin da ta yi tsakanin ƙarshen 1960 da Fabrairun 1963 a ƙarƙashin Owen Bradley, mai tsara ɗaukar waƙa a birnin Nashville, wanda ya sassauta amon karkara, ya shigo da piyano da tarin gogen Turawa da 'yan amshi maza da ake kira Jordanaires, don waƙar ta shiga falon mutanen birni.

Sunan faifan ma yana bukatar a yi masa tambaya. Strange da Why Can't He Be You da Back in Baby's Arms duk a bayan ƙananan fayafai suka fara fitowa, wato rakiya suka yi wa wasu waƙoƙin. A ɗaya gefen kuma, When I Get Thru with You, wadda ta shiga sahun goma na farko a jerin waƙoƙin kantiri a 1962, ba ta sami gurbi ba, kuma waƙa ce mai saurin kari wadda mace ke cika baki a cikinta. Wannan ya nuna cewa ba ciniki kaɗai aka duba ba. Jigo aka bi, jigon kuwa shi ne begen wanda ya tafi. In aka ɗebe Back in Baby's Arms, wadda ke murnar sasantawa, sauran duk a kan rabuwa suke, ko fargabarta, ko kishi, ko tunanin dare.

Wani abin lura, waƙoƙin nan 12 maza ne suka rubuta su kakaf. Willie Nelson ya rubuta Crazy, Don Gibson ya rubuta Sweet Dreams, Hank Cochran yana da hannu a guda huɗu, ciki har da I Fall to Pieces wadda suka yi tare da Harlan Howard. Manazarcin da ya saba da feɗe rubutacciyar waƙa zai so ya fara da matani, ya duba zubi da tsari, ya warware jigo, ya nemo adon harshe. In ya yi haka a nan zai tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin in an shimfiɗa yawancin baitocin a takarda kalmomi ne na yau da kullum. She's Got You ce kaɗai za a ce tana da ginin da ke tsayawa da ƙafarsa, inda mai magana ke lissafa 'yan kayayyakin da masoyi ya bar mata, alhali shi kansa yana hannun wata. Sauran kuwa a rerawa ƙarfinsu yake, kamar yadda lamarin yake ga makaɗan baka, waɗanda rubuta waƙarsu kan zubar da rabin azancinta.

A nan ne faifan ya biya mai saye. An ɗauki Crazy a watan Agusta na 1961, wata biyu bayan wani mummunan hatsarin mota da ya kusa halaka ta. Karin waƙar yana da tsalle-tsalle masu wuya, amma ta bi shi a natse, tana jinkirta gaɓa har mai sauraro ya zaci kiɗa zai bar ta, sannan ta cim masa daidai kan gaɓa. Ba ta yin kururuwa. Takan riƙe sauti guda ta kumbura shi, ta sake shi da wata 'yar shessheƙa wadda ba ta kai kuka ba. Kalmomin na mace ce da aka yasar, muryar kuwa ta macen da ke da iko da kanta, kuma saɓanin da ke tsakanin waɗannan biyu shi ke hana waƙar zama koke. Marubutan sun tsara mata rauni, ita kuma ta rera shi da izza. Wannan izza ita ce kaɗai abin da ya tsira daga Patsy ta farko, kuma masu zaɓe ba su da yadda za su cire ta.

Faded Love ta fi kowace nuna wannan. Waƙar Bob Wills ce ta masu goge a jihar Texas. Patsy ta ɗauke ta a Fabrairun 1963, a zamanta na ƙarshe a ɗakin ɗaukar waƙa, ta rage mata sauri ƙwarai, kuma dab da kammalawa ana jin numfashinta ya sarƙe kafin ta furta kalma ta ƙarshe. Ita da Sweet Dreams bayan rasuwarta suka fito. Mai sauraro da ya san haka yakan ji su tamkar bankwana, amma wannan ma'ana hatsarin jirgi ne ya ɗora musu. Ranar da ta rera su, aiki kawai ta je yi.

Ba duka waƙoƙin ne suka kai wannan matsayi ba. A So Wrong da You're Stronger Than Me kayan kiɗa da 'yan amshi sun yi zaƙi har sun gundura, ga kuma jigo guda da ake ta maimaitawa, ta yadda in an kai waƙa ta goma sai kunne ya nemi wani abu dabam. Da an saka Lovesick Blues da ta rera a 1960, inda ta saki muryarta ta karkara, da an ga faɗin fasaharta.

A 1973 Patsy Cline ta zama mace ta farko mai waƙa ita kaɗai da aka shigar zauren girmama mawaƙan kantiri na Nashville. Fim ɗin da aka yi a kan rayuwarta a 1985, wanda Jessica Lange ta fito a matsayinta, sunan Sweet Dreams aka ba shi, waƙa ta biyu a jerin da Decca ta tsara a 1967.