Samanja: Mutum Ɗaya, Riga Ɗaya

A cikin 'yan wasan kwaikwayo akwai iri biyu. Akwai wanda yau shi ne sarki, gobe ɓarawo. Akwai kuma wanda ya ɗauki hali guda ya riƙe har tsufa. Mutane sukan raina na biyun, su ce abu ɗaya kaɗai ya iya. Wannan magana kuwa tana bukatar a duba ta.

A Amurka an yi wani mai suna Walter Brennan, wanda ya rasu a 1974. Tun bai tsufa ba ake ba shi wasan tsoho mai mita, marar haƙora. A yawancin finafinansa ba shi ne babban jarumi ba, duk da haka sau uku yana samun lambar Oscar, watau a kan wasanninsa na 1936 da 1938 da 1940. Daga 1957 zuwa 1963 kuma ya yi wasan kaka a telebijin, cikin shirin "The Real McCoys".

A Arewacin Nijeriya na kusa da shi shi ne Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Mutumin Pategi ne, a ƙasar Nufe. Ya yi aikin soja, sa'an nan ya shahara a rediyo da telebijin na Kaduna da shirin "Samanja Mazan Fama". Kalmar samanja daga Turanci aka aro ta, sunan muƙami ne na babban sajan. Da gashin bakinsa da tsawarsa da tafiyarsa, duk na bariki ne.

Gwanintarsa tana a harshe. Samanja ba ya yin Hausar Kano ko ta Sakkwato. Barikanci yake yi, watau Hausar da sojoji 'yan ƙabilu dabam-dabam suke yi da juna, a gauraye da Turanci, ba a damu da bambanta namiji da mace ba. Ɗalibi kada ya koyi nahawu daga bakinsa, amma ya saurara da kyau, gama kuskuren nan da gangan ne, kuma a wurin da ya dace yake faɗowa. Da shi ya sa talakawa suka yi wa soja dariya a zamanin da soja ke mulki. Da shi kuma ya nuna cewa mai kaki mutum ne, yana da iyali da damuwa irin ta kowa.

Amma fa akwai hasara. Rigar ta haɗiye mai ita, har da yawa ba su san sunansa na yanka ba, kuma masu shirya wasa ba su cika gwada shi a wani hali ba. Laifin nasu ne, ba nasa ba. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda ya riƙe hali guda shekara da shekaru, mutane ba su ƙosa da shi ba, ba a ce masa bai iya ba.