Gaɓa 17 a ƙofar Minami-za

A birnin Kiyoto na ƙasar Japan, gabas da kogin Kamo, akwai wani tsohon gidan wasan kwaikwayo da ake ce ma Minami-za, watau gidan wasa na kudu. A wannan birni ne wata mace mai suna Okuni ta fito, a shekarar 1603, da raye-rayen da suka zama tushen wasan kabuki, kuma ba da jimawa ba hukuma ta ba gidajen wasa 7 izinin kafuwa a unguwar bakin kogin. Gobara da sauyin zamani suka yi ta cinye su ɗaya bayan ɗaya. Na arewa, abokin zamansa na ƙarshe, an rufe shi a 1893, Minami-za kaɗai ya saura. Ginin da ke tsaye yau na 1929 ne, kuma maginansa ba su yi rowar ado ba: rufi bisa rufi, kowane da lanƙwasarsa, ga jerin jajayen fitilu, daga ciki kuma an rarraba rufin gida-gida kamar dara. A can bisa akwai ƴar hasumiya da ake kira yagura, wadda a zamanin da ita ce shaidar cewa hukuma ta yarda a yi wasa a gidan.

Gini irin wannan doguwar waƙa yake kira. Wanda ya saba da ƙasida zai so baiti 40 domin ya bi shi daga tushe har zanko. Amma cikin waƙoƙin da suka taru a ƙofarsa akwai mafi gajarta a adabin Japan, watau haiku, mai gaɓa 17 kacal cikin ɗango 3: biyar, bakwai, biyar. Ƙa'idar haiku ta gargajiya ita ce kowace waƙa ta ƙunshi kalma guda da ke nuna lokacin shekara. An tattara waɗannan kalmomi cikin kundaye da ake kira saijiki, kowace kalma da bayaninta da misalan waƙoƙin da aka yi da ita. A sashen hunturu ne ake samun kalmar da ta shafi gidan wasa: kaomise, ma'ana nuna fuska. A zamanin Edo, gidajen kabuki sukan ɗauki ƴan wasa aiki na shekara guda, daga wata na 11 na tsohuwar kalandarsu, kuma wasan farko na wannan wata shi ne na nuna wa jama'a fuskokin waɗanda aka ɗauka. Wancan tsarin aiki ya daɗe da mutuwa, amma bikin bai mutu ba. A Minami-za ana yinsa cikin watan Disamba, kuma mutanen Kiyoto suna ɗaukarsa alamar ƙarewar shekara.

Lissafin abin shi ne farkon wahalarsa. Kalmar kaomise gaɓa 4 ce. Idan aka haɗa ta da ƴar kalmar yankewa mai gaɓa guda, wadda mawaƙan haiku ke sawa domin a tsaya a numfasa, ɗangon farko ya cika ke nan. Saura gaɓa 12, kuma da su za a ɗauki gida mai kujeru sama da 1000, da makaɗa, da tufafin alharini, da dandamali mai juyawa. Ba su isa ba, kuma nagartattun mawaƙa sun san ba su isa ba. Shi ya sa mai bin waƙoƙin da aka jera ƙarƙashin wannan kalma zai tarar da abin mamaki: adon gidan kusan ba ya bayyana. Abin da ke bayyana shi ne sanyi, da iskar da ke tasowa daga kogi, da cunkoson ƴan kallo, da tufafin da aka fito da su domin ranar. Yosa Buson, wanda ya zauna Kiyoto har rasuwarsa a 1784, kuma aka san shi da son kallon kabuki, ya yi waƙar kaomise wadda ko ƙofar gidan wasa ba ta kai ba; ta tsaya ga mutumin da ya bar ɗumin shimfiɗa domin zuwa kallo, domin a wancan zamani tun duhun asuba ake fara buga ganga.

Wannan zaɓi daidai ne, kuma dalilinsa ya wuce ƙarancin gaɓoɓi. Ado abu ne da aka yi domin ido ya yi yawo cikinsa. Ƙarfinsa cikin yawa yake. Idan aka tsinko ƙwaya guda daga cikinsa, fitila ko lanƙwasar rufi, sai ta koma kaya kawai, irin wanda ake gani a hoton ƴan yawon buɗe ido. Idan kuwa aka jera uku, waƙa ta zama takardar ƙidayar kaya. Hanyar da ta rage ita ce a nuna abin da gidan ke yi wa mutum: wanda ya yarda ya sha ɗari tun kafin gari ya waye ya riga ya faɗi darajar abin da zai kalla, ba tare da an siffanta ko ginshiƙi ɗaya ba.

Akwai ado guda da ya tsira daga wannan hukunci, shi ne allunan da ake kira maneki. Gab da bikin, akan rataye su a fuskar ginin, dogaye na katako, kowane tsawonsa ya kusa mita 2, ɗauke da sunan ɗan wasa. Ana rubuta sunayen da wani salon rubutu mai kauri da ake kira kanteiryu, wanda ba ya barin fili tsakanin layukan harafi, da fatan kada a bar kujera ko guda babu mai zama. Wannan ado yana da lokacin hawa da lokacin sauka, yana kuma ɗauke da buri da fargabar masu gidan. Abin da ke zuwa ya wuce shi ne abincin haiku. Shi ya sa allon da zai sauka bayan ƴan makonni ya fi rufin da ke nan kullum shiga waƙa.

Waƙoƙin da suka fi nauyi, duk da haka, daga bayan labule suka fito. Alaƙar ƴan kabuki da wannan waƙa tsohuwa ce, kuma ba ta rasa nasaba da neman mutunci. A zamanin Edo ana raina ƴan wasa, ana yi musu laƙabi da mabaratan bakin kogi, kuma a 1842 hukuma ta kori Ichikawa Danjuro na 7 daga birnin Edo bisa laifin rayuwar ƙasaita da ta wuce matsayinsa. A zauren mawaƙa kuwa, ɗan wasa yakan zauna da attajiri da malami ƙarƙashin wani suna na waƙa. Danjuro na 2 ya yi waƙa da sunan Hakuen, kuma wasu sunayen waƙa, irin su Baiko da Shikan, daga baya sun zama sunayen dandamali da ake gada. A ƙarni na 20, Nakamura Kichiemon na 1, wanda ya rasu a 1954, ya yi almajirancin haiku wurin Takahama Kyoshi. Mutumin da ya yi suna da fitowa a matsayin jarumawan tarihi, cikin sulke da babbar murya, waƙoƙinsa sun fito a sauƙaƙe, kan iyali da tafiye-tafiye da zaman yau da kullum na mai sana'a. Wasu za su ce ba su da zurfin waƙoƙin malaminsa, kuma da gaskiyarsu. Amma suna da abin da baƙo ba zai samu ba: a wurin Kichiemon gidan ado wurin aiki ne, kuma wanda ke shiga ta ƙofar baya ba ya ɗaga kai ya kalli rufi. Kubota Mantaro, marubucin wasan kwaikwayo ɗan unguwar Asakusa ta Tokiyo, wanda ya kafa mujallar haiku mai suna Shunto a 1946, ya riƙa ɗaukar haiku aikin gefe, amma yau da shi aka fi tunawa da shi. Shi ma harshensa mai sauƙi ne, cike da begen tsohuwar unguwa.

Aibin wannan al'ada kuwa a fili yake. Kalmar kaomise ta yi ƙarni uku tana tara ma'ana, har ta kai ga tana yi wa mawaƙi rabin aikinsa. Malalaci sai ya aje ta a ɗangon farko, ya ƙara mata sanyi ko kyakkyawar riga, ya ce ya yi waƙa. Irin waɗannan sun fi nagartattun yawa, kamar yadda yake a kowane adabi mai ƙa'ida tsayayya. Ƴar'uwar haiku mai barkwanci, senryu, wadda kundinta na Yanagidaru ya fara fitowa a 1765, ta fi ta gaskiya a wannan fanni, domin ita ba ta jin kunyar nuna ƴan kallo da kwaɗayinsu da son a gan su.

Matsala ta biyu ta fi shafar malaman da ke saduwa da haiku ta hanyar fassarar Faransanci, su kai ta aji. Fassara tana iya kawo gaɓoɓi da hoto, ba ta iya kawo abin da kalmar ta tara. Ɗalibi zai karanta layi 3 kan wani mai jin sanyi, ya rasa inda daɗin yake, domin gidan wasan duka yana cikin kalmar da bai sani ba. Mai jin Hausa ya san wannan hali daga kirari: kalma biyu ko uku suna tayar da tsikar jikin wanda ya san gidan da tarihinsa, baƙo kuwa ya ji su fayau. Kabuki ma yana da makamancinsa, domin ƙwararrun ƴan kallo da ke can bisa sukan ƙwala kiran sunan gidan ɗan wasa daidai lokacin da ya daskare cikin tsayuwarsa. Na Kichiemon shi ne Harimaya. Malamin da ya ba da waƙar kaomise ba tare da ya fara gina gidan a zukatan ɗalibai ba, kirari ya ba su babu mai shi.

Saura tambayar ko ginin da kansa ya ci riba. Hukumar Japan ta sa Minami-za cikin rajistar kayan tarihi a 1996, amma wanda zai so ya san siffarsa daga waɗannan waƙoƙi kaɗai ba zai iya zana ko ƙofarsa ba. A 2016 aka rufe gidan domin ƙarfafa shi saboda girgizar ƙasa. Bikin wannan shekara aka yi shi a ɗakin raye-raye na unguwar Pontocho, na 2017 kuma a wani ɗakin wasa na zamani cikin birnin, aka rataye allunan maneki a can. Kalmar kaomise ta bi bikin, ta bar ginin a rufe har watan Nuwamba na 2018 da aka sake buɗe shi.