Hanci zai gyara laka? A dakata tukuna

Akwai wani labari da ke dawowa a Facebook lokaci zuwa lokaci, wai masana sun gano yadda za a ɗebo wani abu daga hanci a gyara lakar wanda jikinsa ya shanye. Idan kana da ɗan'uwa a Anka ko Bukkuyum da ramin zinare ya rufta masa, ko wanda ya faɗo daga babur a hanyar Gummi bai sake takawa ba, dole labarin ya ja hankalinka. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Jijiyoyin jin ƙamshi da ke can saman hanci suna mutuwa, sababbi su tsiro, har tsufan mutum. Laka kuwa in ta yanke, da wuya ta haɗe. Farfesa Geoffrey Raisman na Landan ya shafe shekaru yana nazarin wasu ƙwayoyin halitta da ke naɗe waɗannan jijiyoyi suna yi musu jagora zuwa ƙwaƙwalwa. Tunaninsa: a kai su laka su yi wannan aikin. A jikin ɓeraye an ga alamun nasara.

Sai batun Darek Fidyka, ɗan ƙasar Poland da aka daɓa wa wuƙa a baya a 2010. A 2012 Dakta Pawel Tabakow ya dasa masa ƙwayoyin, a 2014 aka nuna shi yana takawa da abin dogarawa. Abin farin ciki ne, ba musu. To amma mutum ɗaya ne fa. Kuma ba ƙwayoyin kaɗai aka sa masa ba: an cire tabon da ke wurin, an ɗebo jijiya daga ƙafarsa an yi gada da ita, ga motsa jiki na sa'o'i da ya yi ta yi wata da watanni. Wanne ne ya yi aikin? Gwajin mutum ɗaya ba zai faɗa maka ba. Sannan yankan wuƙa daban, lakar da ƙasa ta murƙushe a rami daban. Wani abin da masu yaɗa labarin ke tsallakewa shi ne, ba daga hancinsa aka ɗebo ƙwayoyin ba, sai da aka buɗe ƙoƙon kansa.

Ni aikin Alan Mackay-Sim na Ostireliya ya fi burge ni, duk da bai yi amo kamar wancan ba. Mutum uku aka dasa wa, aka bi su shekara uku, a 2008 suka fito suka ce dashen bai cutar ba, amma babu wanda ya tashi. Haɗarin ma ba a rasa ba: a 2014 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wata mata da aka dasa wa fatar cikin hanci a Fotugal, bayan shekara takwas aka tarar da ƙari a lakarta yana fitar da abu kamar majina.

Wani zai ce, to yaran da gubar dalma ta taɓa fa? A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, wasu da suka rayu aka bar su da makanta ko farfaɗiya. Wannan bincike bai shafe su ba. Dalma ba wuri ɗaya take yankewa ba, ƙwaƙwalwar yaro take bi tana ɓata yadda take ginuwa. Maganin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba su yana fitar da dalmar daga jini, ya kuma ceci rayuka, sai dai ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace. Shi ya sa kwashe gurɓatacciyar ƙasa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013, da daina niƙa dutsen zinare cikin gida suka fi komai muhimmanci.

Saboda haka in wani ya ce ka sayar da gona zai kai ɗan'uwanka waje a dasa masa ƙwayoyin hanci, ka tambaye shi mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su. Wanda ya ji ciwo a baya kuwa, kada a naɗe shi a ɗora a babur. A kwantar da shi a miƙe kan allo ko ƙyaure, a riƙe wuyan kada ya motsa, a nufi asibitin da ke da likitocin tiyatar laka, kamar asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.