Bausanci da Harsunan da Ke Ƙarƙashinsa

Bausanci shi ne karin Hausar da ake ji a birnin Bauchi da kewayensa. Masana na sanya shi cikin kare-karen gabas tare da Kananci da Zazzaganci, amma tarihinsa ya sha bamban da nasu, domin Bauchi ba ta cikin Hausa Bakwai. Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin a 1809 bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usman Ɗanfodiyo, Bageri ne. Garin da ya gina ya tara Gerawa da Fulani da Jarawa da Barebari da fataken ƙasar Hausa, kowa da harshen gidansu. Hausa ce ta haɗa su a fada da kasuwa da zauren malam, har ta wayi gari harshen uwa ga jikokinsu.

Sawun wannan cuɗanya yana nan a bakin mutane. Abu na farko da kunnen baƙo ke kamawa shi ne raunin jinsi. Inda Bakano zai ce “motar Audu” ko “rigar Musa”, a kasuwar Wunti ta Bauchi sai a ji “motan Audu”, “rigan Musa”. Ba ganganci ba ne, ba kuma rashin iya Hausa ba ne, ko da yake malaman makaranta sun daɗe suna jan layi da jan biro a ƙarƙashinsa. Fulatanci da Jaranci da Sayanci duk ba su raba sunaye zuwa namiji da tamata ba, don haka ba abin mamaki ba ne wannan rarrabewa ta sassauta a garin da masu waɗannan harsuna suka rungumi Hausa.

Na biyu ya fi ɓuya. A daidaitacciyar Hausa cewa ake yi “ya kawo wa Audu ruwa”. Mutumin Bauchi kuwa yana iya gabatar da abin da aka kawo, ya jinkirta wanda aka kawo wa: “ya kawo ruwa wa Audu”. Paul Newman ya ambaci irin waɗannan bambance-bambance a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000.

Sai dai mafi yawan binciken da aka yi a yankin ya karkata ne ga ƙananan harsunan da Hausa ke lanƙwamewa. A 1978 Kiyoshi Shimizu ya fitar da rahoto kan harsunan Cadi na kudancin Bauchi, a shekarar ce kuma Russell Schuh ya wallafa nazarinsa kan wasu harsunan rukunin Bole-Tangale, ciki har da Geranci. Schuh ya biyo da nahawun harshen Miya a 1998, Bernard Caron ya duƙufa kan Zaar, wato Sayanci, Andrew Haruna kuma ya bayyana nahawun Guruntum.

Yadda harshe ke sulalewa a cikin gida ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya zauna a unguwannin birnin. Kaka ta yi wa jika magana da yare, jika ya amsa da Hausa, uwa da ke tsakani tana ji amma ba ta mayarwa. Yaren sai ya koma na gaisuwa, da waƙar biki, da sirrin da manya ba sa son yara su ji. Geranci, harshen kakannin wanda ya kafa garin, yana cikin waɗanda suka shiga wannan hali, kuma da yawa daga masu amsa sunan Gerawa a cikin birni Hausa kaɗai suke yi.