Wanda Ya Raina Nahawu Ya Leƙa Klingon

Matasanmu na Tudun Wada sun rungumi koyon harsuna a waya, kuma ban ga laifin hakan ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ta haddace kalmomi, ana yi wa nahawu riƙon sakainar kashi. Duk mai ganin wannan hanya za ta ɓulle da shi, ya leƙa Klingon.

Ƙirƙirarren harshe ne. Marc Okrand, masanin harsuna ɗan Amurka, shi ya tsara shi saboda fina-finan Star Trek, ƙamusunsa ya fito a 1985. A 2018 manhajar Duolingo ta fara koyar da shi, alhali Hausa, mai miliyoyin masu magana, ba ta samu gurbi a can ba. Wannan kam yana ci mini rai.

Da gangan Okrand ya kife jumlar: karɓau a gaba, aikatau a tsakiya, aikau a ƙarshe. Inda Bahaushe zai ce "Audu ya kama ɓarawo", masu Klingon sai su fara da ɓarawon, Audu ya zo daga baya. Sabon shiga da ya san kalmomi ukun nan amma bai san tsarin ba, Audu zai sa a ɗaure. Ga kuma ɗafa-goshi guda da ke nuna mai yi da wanda aka yi wa a lokaci ɗaya: qalegh, ina ganinka, cholegh, kana ganina.

Almajiran zaurukan Zariya ba za su ga baƙon abu a nan ba. Wanda ya durƙusa gaban malam da Ajurrumiyya, ɗan littafin nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas da ya rasu a 1323, ya san ba a barinsa ya wuce sai ya bambance fa'ili da maf'uli, ya faɗi dalilin kowane wasali na ƙarshen kalma. Malam zai sa shi ya maimaita har ya zauna masa. Karatu ne mai nawa, amma yana fitar da mai iya gina tasa jumlar, ba mai jiran waya ta ba shi zaɓi huɗu ya danna ɗaya ba.

Don haka ɗan'uwa, ko Larabci kake nema, ko Faransanci, ko Klingon ɗin ma, riƙe wayarka, amma ka nemi wanda zai zaunar da kai ya koya maka ginin jumla tun daga makon farko.