Abubakar na Kagara da Abubakar na Bauci

Hausawa sun ce suna linzami ne, watau wanda aka raɗa wa sunan mutumin kirki, sunan nan zai riƙa jansa zuwa ga halin mai sunan na fari. Saboda haka ne iyaye su ke ɗibar sunayen Annabawa da na Sahabbai, har ya zama a ƙasar nan da wuya ka shiga gida uku ba ka sami Abubakar ba. Wani a ce masa Garba, wani Habu, Filani su ce Buba, Barebari su ce Bukar, amma duk gindin ɗaya ne. Malaman haraji na zamanin En'e sun san wahalar wannan abu, gama in ba a haɗa da sunan uba ko na unguwa ko na sana'a ba, sai a karɓi kuɗin wani a rubuta wa wani.

Manyan mutanen Arewa ma ba su tsira daga wannan ba. Akwai Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya hau gadon Sakkwato a 1938, ya yi shekara 50 a kai. Akwai Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, daga baya kuma ya fassara Alƙur'ani mai girma da Hausa. Ga Abubakar Ladan Zariya mai waƙa, ga Abubakar Dokaji da ya rubuta tarihin Kano. Waɗannan kowa da tasa hanya, ba mai ɗaukar wani a madadin wani. Amma akwai biyu da hanyarsu ta taɓa gamuwa a wuri guda, su ne na ke so mu duba, domin suna ya shiga tsakanin masu karatu da littattafansu ya hana a auna su daidai.

Na ɗaya shi ne Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911. Na biyu Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a ƙasar Bauci a 1912. Dukansu sun yi karatu a Kwalejin Katsina, dukansu sun fita sun zama malaman Midil, wancan a Katsina, wannan a Bauci. A 1933 Dokta East na Hukumar Talifi ta Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai na ƙirƙira da Hausar boko, aka sa gasa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Imam, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi, sa'an nan Ruwan Bagaja na Abubakar na Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar na Bauci. Daga nan hanya ta rabu. Imam ya bi alƙalami, ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Tafawa Ɓalewa ya bi siyasa, ya zama Firayim Minista a 1957, shi ya karɓi mulkin kai a 1960, har sojoji suka kashe shi a watan Janairu 1966. Allah ya jiƙansu duka.

To, ga inda ta ke ɓaci. Mai sabon karatu in ya ga sunan Firayim Minista a bangon littafi, sai ya buɗe shi da ladabi kamar mai shiga fada, ba ya ko yarda ya ga aibi. Wani kuwa ya ce ai rubutu sana'ar Imam ce, shi wancan ɗan siyasa ne ya ɗan taɓa, don haka littafinsa bai kai a kula ba. Duk biyun kuskure ne. Ba Firayim Minista ne ya rubuta Shaihu Umar ba, malamin makaranta ne wanda bai wuce shekara 21 ba. Haka kuma ba shahararren edita ne ya rubuta Ruwan Bagaja ba, saurayi ne ɗan shekara 22. Sai mu tuɓe musu rigunan da suka sa daga baya mu duba aikin.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar Kwantagora neman wani ruwa da aka ce shi kaɗai zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman mijin uwarsa daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ka lura, marubucin sunansa ya ba wa jarumin, wannan kuwa ya nuna maka irin barkwancinsa tun daga farko. A hanya Alhaji ya yi ta gamuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya haƙa wa wancan rami, gobe wancan ya rama. Duk almajirin da ya taɓa karanta Maƙamatul Hariri zai gane ƙirar: mutum biyu su rabu a wannan gari su sake karo a wancan, kullum da sabuwar dabara. Ban ga laifin aron ba, gama ya sa wa abin rigar Hausa har ba ka ganin ɗinki. A wajen harshe kam babu mai ja da shi. Maganarsa gajeruwa ce mai gudu, mutanensa suna magana yadda a ke yi a bakin kasuwa, in ana karanta shi a zaure da dare sai mai karatu ya riƙa tsayawa har dariya ta lafa.

Amma fa in ka rufe littafin ka tambayi kanka me ya rage, sai ka ga kaɗan ne. Labaran kamar duwatsun wuya su ke a zare, kana iya ɗauke na uku ka mai da shi na bakwai ba abin da zai lalace. Ɗan sarkin da ke kwance, wanda dominsa aka fita, mai karatu ya kan manta da shi sarai, ina jin shi ma Alhaji haka. Ya yi shekaru yana yawo, ya sha ɗauri da duka, ya komo yadda ya tafi, sai dai dukiya da ta ƙaru.

Shaihu Umar ba haka ya ke ba. A wani gari Rauta, kusa da Bauci, almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa, shi ne ya ba su labari. Abin mamaki, garin da ya ce an haife shi sunansa Kagara, sunan garin takwaran marubucin ke nan. Ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki, fadawa suka ƙulla masa sharri bayan wani hari, aka kore shi. Cikin wannan rikici aka sace yaron, ya faɗa hannun masu bauta, ya kai Kano, wani Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta fita nemansa ita kaɗai. Ita ma aka yaudare ta aka sayar, aka kai ta Murzuk, daga nan Tarabulus. A can suka sadu bayan shekaru, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika.

A ganina uwar nan ita ce littafin. Umar kansa ba ya yin kome, yi a ke da shi: a ɗauke shi, a ajiye shi, a koya masa, shi dai haƙuri. Ba shi da wani aibi ko ɗaya, mutum marar aibi kuwa ba ya riƙe mai karatu. Ita ce ta yi niyya, ta yi kuskuren yarda da wanda bai kamata ba, ta biya da ranta. Gwanintar marubucin ita ce ya sa uwa da ɗa bisa turba ɗaya, ta rairayi da ƙishirwa, ɗan ya isa ga allo da tawada, uwar ta isa ga mari. Bai tsaya yin wa'azi a kai ba, ya jera su kawai ya bar ka da su. A lokacin da ya rubuta, tsofaffin da suka ga kasuwar bayi da idonsu suna nan da rai a kowane gari, wasunsu ma su aka sayar. Saurayi ya ɗauki wannan magana, alhali abokan gasarsa sun fi karkata ga aljannu da yaƙi da ban dariya, lalle ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka akwai abin faɗi. Ya yi wa Abdulkarim sassauci da yawa. Mutumin nan fataucin bayi ya ke yi, alherin da ya yi wa yaro guda ba ya shafe sauran da aka kora a ayari, amma littafin bai ko ɗaga masa gira ba. Sa'an nan dace ya yi yawa: ɓarawon yaro sai ga kura ta kashe shi, guguwar rairayi ta binne ayari sai Umar ya tsira. Har wa yau Shaihu ya kan ba da labarin abin da aka faɗa a wuraren da ba ya nan, filla-filla, kamar yana tsaye. Harshen kuma mai nauyi ne, a hankali ya ke tafiya kamar raƙumi da kaya, babu wasa a ciki. Wannan ya dace da bakin dattijon malami, amma in ka gwada shi da na Imam sai ka ga bambancin wanda Hausa ke yi wa biyayya da wanda ke lallashinta.

Mutum zai iya duban makircin fadawan Kagara ya tuna cewa a 1950 Tafawa Ɓalewa ne ya miƙe a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, ya ce ashe tun yana saurayi abin ke cinsa. Mai yiwuwa ne. Ni dai ina tsoron irin wannan karatu, domin shi ne ke mai da littafi ya zama shaidar girman mai shi. Sharrin fadawa tsohon zance ne a tatsuniya, ba sai ɗan siyasa ya san shi ba.

Girman sunan ya yi wa Shaihu Umar rana ta wani gefe. An juya shi da Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi sinimarsa a 1976. Imam ya rayu har 1981 yana rubutu, ana iya bin sawunsa daga littafi zuwa littafi a ga inda hannunsa ya faɗa. Takwaransa bai sake rubuta wani labari ba, wannan guda ɗaya shi ne duk abin da mu ke da shi. Da masu buga littattafai za su ji shawarata, da sun riƙa sa wata 'yar magana a ƙarƙashin sunan, cewa Malam Abubakar Bauci, malamin Midil, shi ya rubuta, an fara buga shi a 1934.