Sin a Rediyo, Caina a Kasuwa: Sharhi a kan Tarihin da Sashen Hausa na Rediyon Sin ke Bayarwa

4.1 Sunaye Biyu na Ƙasa Ɗaya

Kafin a shiga sharhin shirye-shiryen kansu, ya kamata a lura cewa Bahaushe yana da suna biyu da yake kiran wannan ƙasa da su, kuma kowane da irin nauyinsa. Na farko shi ne "Sin", wanda ya shigo ta hanyar Larabci tun kafin zuwan Turawa. Malaman zaure sun san shi, da shi ake buga misalin wuri mai nisa idan ana kwaɗaitar da almajiri neman ilmi. Na biyu shi ne "Caina", wanda ya fito daga Ingilishi, kuma kaya ya biyo, ba littafi ba. A kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara da ke ƙasar Gwaram, idan aka ɗaga tocila ko kwaɗo aka ce "ɗan Caina ne", ma'anar ita ce yana da araha amma kada a sa rai da ƙarko. Ba a jin mai saye ya ce "ɗan Sin ne" da wannan manufa.

Sashen Hausa na Rediyon Sin, wanda ya fara watsa shirye-shirye daga Beijing a 1963, shekara shida bayan na BBC, sunan farko ya ɗauka: Sin, Sinawa, Sinanci. Wannan zaɓi ne na waɗanda suka san harshe, domin ya jingina ƙasar da daraja da daɗewa. Sai dai mai sauraron da ake yi wa magana ƙila da 'yar rediyon Kchibo yake kama tashar, ga wayar Tecno ko Itel a aljihunsa, wato yana jin Sin da kunne yana riƙe da Caina a hannu. Abin da za a duba a nan shi ne ko tarihin da tashar ke bayarwa ya iya haɗa waɗannan fuskoki biyu.

4.2 Zubin Labarin da Inda ya Yi Ƙarfi

Tarihin ƙasar Sin na zamani, kamar yadda ake kawo shi a wannan tasha, yana bin layin da gwamnatin ƙasar ta shata ne, wato abin da ake kira ƙarnin wulaƙanci, daga 1839 zuwa 1949. Ana farawa da ofiyam, wani abin maye da 'yan kasuwar Ingila ke ɗaukowa daga Indiya suna sayar wa Sinawa don su sami azurfar sayen ganyen shayi da siliki da tangaran. A 1839 wakilin sarki mai suna Lin Zexu ya ƙwace kimanin akwati 20,000 na ofiyam ya lalata, Ingila kuwa ta amsa da jiragen ruwan yaƙi. Yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta tilasta wa Sin buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar, ciki har da Shanghai da Guangzhou, da ba da tsibirin Hong Kong, da biyan tarar dalar azurfa miliyan 21. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Sojojin Ingila da Faransa suka shiga Beijing a 1860, aka wawashe fadar bazara ta sarki aka ƙone ta. Japan ta karɓe Taiwan a 1895. Ƙasashe takwas suka haɗa sojoji suka murƙushe boren 'yan Boxer a 1900, aka ɗora wa Sin wata tara mai nauyi a 1901. Sarauta ta faɗi bayan juyin juya halin 1911, Japan ta mamaye Manchuria a 1931 ta kuma yi kisan kiyashi a Nanjing a 1937. Labarin yana ƙarewa ne a ranar 1 ga Oktoba, 1949, lokacin da Mao Zedong ya shelanta kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin.

Haƙiƙa babu abin musu a cikin waɗannan abubuwa, sun faru, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bahaushen da ya saba jin labarin duniya daga Landan ko Washinton ya amfana da jin wanda aka yi wa ɓarna yana ba da labarin da bakinsa. Bugu da ƙari, zubin labarin ya dace da abin da mai sauraro ya riga ya sani a gida. Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin masarautar Kano lokacin da Turawa suka ci birnin a watan Fabrairu na 1903, saboda haka batun bindigar da ta fi ƙarfin ganuwa ba baƙo ba ne a nan. Akwai ma wata alaƙa ta kusa wadda ba a cika ambatawa ba. Gwamna Lugga, wanda a ƙarƙashinsa aka ci Kano da Sakkwato, bayan ya bar Arewa a 1906 Hong Kong aka tura shi, ya yi gwamna can daga 1907 zuwa 1912, sannan ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ke nan mutum ɗaya ne ya mulki Bakano da Basinen Hong Kong a cikin shekara goma.

Ta fuskar harshe kuwa, akwai rauni. Da yawa daga cikin kalmomin siyasar da tashar ke maimaitawa an juyo su ne kai tsaye daga Sinanci ko Ingilishi. "Ziri ɗaya da hanya ɗaya", sunan shirin gina hanyoyi da tashoshi da Shugaba Xi Jinping ya ƙaddamar a 2013, ba ya nuna wa manomi komai sai an yi masa dogon bayani. Ita kuma "cin moriyar juna", wadda ake jingina wa kusan kowace hulɗa da Afirka, ma'anarta a fili take, amma ta yi rashin sa'ar maƙwabci, domin abin da kan fara faɗo wa Bahaushe a rai idan ya ji "cin moriya" shi ne ganga da kwaurenta.

4.3 Abin da aka Tsallake

Babban raunin wannan tarihi, a ra'ayin mai wannan nazari, ba ƙarya ba ce, zaɓe ne. An ɗauki ɓangaren da ke sa tausayi, wato igwa da ƙone fada da ƙwace ƙasa, an bar ɓangaren da ya fi shafar mai sauraro, wato kuɗin fito.

Abin da ya fi yi wa Sin illa a yarjejeniyoyin 1842 da 1843 ba tsibirin Hong Kong ba ne, wanda a lokacin masunta da ƙauyuka ne a cikinsa. Illar ita ce an ƙayyade kuɗin fiton kayan da ke shiga ƙasar a kan kimanin kashi 5 cikin 100, kuma Sin ba ta da ikon ƙara ko anini sai da yardar baƙi. Har ila yau, Baturen da ya yi laifi a ƙasar, kotun jakadansa ce za ta yi masa shari'a. Hukumar kwastan ta tashoshin ruwan Sin ma wani mutumin Birtaniya ne, Robert Hart, ya shugabance ta daga 1863 har fiye da shekara 40. Sakamakon haka, a ƙarshen ƙarni na 19 zaren inji daga Indiya da Ingila ya cika kasuwa, matan karkara masu kaɗi da hannu suka rasa masu saye, ko da yake masaƙa sun ɗan jure ta hanyar amfani da zaren baƙi. Sin ba ta dawo da ikon yanka kuɗin fitonta ba sai tsakanin 1928 da 1930. Wannan darasi shugabanninta ba su manta da shi ba. Bayan 1949 sun rufe kasuwarsu, da Deng Xiaoping ya fara buɗe ta a 1978 kuwa, da kaɗan-kaɗan ya yi, ta yankuna na musamman irin su Shenzhen a 1980, kuma ƙasar ba ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ba sai 2001, bayan masana'antunta sun yi ƙwari.

Idan aka ɗora wannan a kan abin da ya faru a ƙasar Hausa, kamannin ya fi na igwa fitowa. Nijeriya ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, ta kuma zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya tun 1995. Da aka kawo ƙarshen ƙayyade cinikin tufafi na duniya a farkon 2005, atamfa da shadda da yadi daga Sin suka kwararo, da yawa ta ɓarauniyar hanya, daga tashar Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Kantin Kwari. Masaƙar Kaduna ta KTL ta tsaya a 2002, ta UNTL ta rufe a 2007, na Kano da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin bai tsaya a birni ba, domin manomin auduga da marini da ɗan cin rani duk a jikin masaƙa suke ci. A watan Mayu na 2012 hukumar shige da fice ta kama 'yan kasuwar Sin 45 a Kano bisa zargin yin cinikin da takardunsu ba su ba su dama ba, bayan ƙorafin 'yan kasuwar gida. Yau ɗan Gwaram yana noma riɗi, Sin na cikin manyan masu sayensa, kuɗin kuma ya koma Sin ta hanyar atamfar sallah da fitila mai caji. Ɗanyen kaya ya fita, ƙerarre ya shigo, wato tsarin da tarihin ƙarnin wulaƙanci ke kuka da shi.

A nan dole a yi adalci. Sin ba ta kawo jirgin yaƙi Legas ba, ba ta kuma tilasta wa kowa sa hannu a takarda ba. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da fasa-ƙwauri da haɗin bakin wasu jami'ai, da 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou da kansu su ce a yi musu mai araha, duk laifin gida ne, kuma laifi tudu ne. Sannan arahar nan ta yi wa talaka rana: babur Jincheng ne ya sa matasa da dama suka sami sana'ar acaɓa a farkon shekarun 2000, kafin Boxer na Indiya ya karɓe kasuwa. Abin da ake tuhumar tashar da shi kawai shi ne ta riƙe tarihin da zai bayyana wa mai sauraro halin da yake ciki, amma ta ba shi rabin da ba zai sa ya yi tambaya ba.

Wani giɓin kuma shi ne inda ake fara lissafin hulɗa da Nijeriya. Galibi ana farawa ne daga 10 ga Fabrairu, 1971, ranar ƙulla hulɗar jakadanci, sai ƙuri'ar da Nijeriya ta kaɗa a watan Oktoba na shekarar don a ba Beijing kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ziyarar Janar Gowon ta 1974. Wannan lissafi ya tsallake abu biyu. Na ɗaya, a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Beijing ta fito fili ta nuna goyon baya ga Biyafara, saboda Tarayyar Sobiyat da take gaba da ita a lokacin tana bayan gwamnatin tarayya. Ba ta amince da Biyafara a matsayin ƙasa ba, amma maganar ta isa nuna cewa ita ma tana auna abota da maslaharta kamar kowace babbar ƙasa, kuma abin lura ne ga tashar da ba ta gajiya da maimaita manufar "Sin ɗaya tak a duniya". Na biyu, Sinawan da suka fara zama a ƙasar Hausa ba daga Beijing suka zo ba. Masu masana'antu ne da suka bar babban yankin ƙasar dab da nasarar 'yan kwaminis suka koma Hong Kong, daga can suka biyo hanyar mulkin Ingila zuwa nan. Cha Chi-ming ne ya kafa UNTL a Kaduna a 1964, iyalan Lee kuma suka kafa masana'antu a Kano. Kwanukan samira da suka cika jeren amare a Birnin Kudu a shekarun 1970 da 1980, da silifas na roba, da yawansu daga masana'antun irin waɗannan mutane suka fito. Ke nan Basine ne ya gina ɗaya daga cikin manyan masaƙun Arewa, kayan Sin kuma na cikin abin da ya rufe ta. Labari mai sarƙaƙiya irin wannan ba ya shiga cikin zubin da ya raba duniya gida biyu, azzalumai da waɗanda aka zalunta.

Haka nan ana gaggawar wuce masifun da Sinawa suka jawo wa kansu. Boren Taiping na 1850 zuwa 1864 ya ci rayuka aƙalla miliyan 20, fiye da yaƙe-yaƙen ofiyam biyu nesa ba kusa ba. Yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta biyo bayan tilasta wa manoma shiga gonakin gandu na gwamnati, ta kashe miliyoyin mutane, kuma ita kanta jam'iyyar kwaminis a ƙudurinta na 1981 ta amsa cewa an yi manyan kurakurai a lokacin da kuma juyin al'adu na 1966 zuwa 1976. Batun Musulmin ƙasar ya fi kowane jan hankalin mai sauraro a wannan yanki. Tashar takan kawo rahotannin masallatai da bukukuwan sallah a Xinjiang, amma tarihin boren Musulmin Yunnan na 1856 zuwa 1873, ko rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Agusta, 2022, wanda ya ce an tauye haƙƙin 'yan Uighur ƙwarai, Beijing kuwa ta yi watsi da shi, mai sauraro ya fi samun bayaninsu idan ya murɗa zuwa wata tasha. Su ma waɗancan tashoshin da nasu zaɓen, kamar yadda za a gani a babi na biyar, inda za a kwatanta yadda sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus suka kawo labarin miƙa Hong Kong ga Sin a ranar 1 ga Yuli, 1997.